Gyaran Gyaran Gyara

Ni dai ra'ayina, duk wanda zai tura faci ga manhaja irin Linux, ya zauna ya tsefe kwamit ɗinsa tukuna. Dubi abin da mu masu rubuta manhaja kan tara da ƙarfe biyun dare: na farko sunansa "gyara", na biyu "gyaran gyara", na uku "wallahi yanzu ya yi", na huɗu ya rushe na uku, na biyar kuwa waƙafi ɗaya ne da aka manta. Haka mutum zai kwashi wannan tarkace ya jibga wa mai duba faci, bawan Allah da aiki ya riga ya sha wa kai. Alhali ga git rebase -i a banza: squash ya haɗe tarkacen, reword ya gyara saƙon, drop ya binne abin kunya, har kowane faci ya zama aiki ɗaya tal da dalilinsa a rubuce.

Masu adawa na cewa wannan goge tarihi ne, ƙarya ce da ado. Kuma ba ƙananan mutane ba ne, don Richard Hipp mai SQLite da gangan ya ƙi saka rebase a Fossil ɗinsa, kishiyar Git. To amma tela yana kawo maka riga haɗe da ƙyallayen da ya yanke, wai shaidar ya sha wahala? Maganar ma ta wuce kunya. Ranar da matsala ta ɓullo, git bisect ke raba tarihi biyu-biyu, a cikin kwamit 1000 mataki kamar 10 ya isa a cafke mai laifi. Idan ya dira kan kwamit ɗin da ko tashi ba ya yi, mai bincike ya shiga uku, sai tsallake da zagi a zuci. Shi ya sa ƙa'idar Linux ta ce bayan kowane faci dole manhaja ta haɗu ta yi aiki.

Wuri ɗaya na sallama musu: reshen da wasu suka riga suka ja. Linus Torvalds kansa, da ya ƙirƙiro Git a 2005, ya sha jan kunne kan taɓa shi. Wanda ya tsefe irin wannan reshe ya tura da ƙarfin tsiya, da safe abokan aikinsa za su tarar kowane kwamit ya haifi tagwaye, kuma ba sai sun yi dogon bincike ba kafin su san ƙofar da za su buga.