Bakaniken Asabar

Mai mota a Suleja, in dai a Abuja yake aiki, motarsa ba ta san hutu ba. Tsadar hayar gida ce ta koro yawancinmu zuwa garin nan, wanda ya bar wa sabon babban birni sunansa bayan dokar 1976, shi kuma ya koma amsa sunan Sarki Sulaimanu Barau. To amma abin da muka tsira da shi daga hannun masu gida, hanya ke karɓewa. Da asuba Madalla, Zuba, cunkoson titin Kubwa, da yamma a sake biyowa. Kafin ka ankara kilomita dubu biyar sun cika, sabis ya zagayo.

Tawa Corolla ce ƙirar 2004, 'yar Kwatano, mai giyar otomatik. Da can sabis ɗinta bai taɓa hana ni barci ba. Sai ga 29 ga Mayun 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, ta haye 1,500 a 2024. Baƙin mai, filta, fulogi, takalmin birki, duk suka bi ta a guje, don ko wanda ake haɗawa a Legas ko Nnewi, kayan haɗinsa da dala ake shigo da su.

Ranar da bakanikena ya karanto mini lissafi, sai da na nemi benci. Ya faɗi kuɗin galan ɗin mai, na yi salati. Ya faɗi na filta, ya ce akwai ta gaske akwai ta China, in zaɓa. A ƙarshe ya ce, "Sai kuɗin aiki, Yallaɓai, dubu biyar."

A cikin lissafin nan kaf, dubu biyar ɗin ce mafi ƙanƙanta, kuma ita ce ta tsaya mini a maƙogwaro. Mai da filta ba ni da yadda zan yi da su. Amma kwance noti guda, a jira mai ya tsiyaye, a ɗaure, shi ne dubu biyar? Ga kuma zancen da ake yi a majalisarmu, cewa wasu kanikawan kan ɗura mai mai araha a galan mai tsada, su sayar maka da galan. Na ce masa zan dawo.

Daren Juma'a na kwanta da waya. A YouTube na samu wani Bature a Amurka, garejinsa fes, ga na'urar da ke ɗaga mota sama, yana aikin yana murmushi, ko ɗigo bai taɓa rigarsa ba. Na kalli yadda ake kwancewa, na kalli yadda ake zubawa. Ana saura kaɗan bidiyon ya ƙare datata ta ƙare. Na ce ai sauran godiya ce da roƙon a danna masa maɓalli.

Da safe na tafi kasuwar kayan mota ta Zuba. Na sayi mai lita huɗu, da filta, da sifana mai lamba 14, da mazurari. Kuɗin sifana da mazurari da na motar haya zuwa da dawowa sun riga sun haura dubu biyar, amma na gaya wa kaina jari ne.

Uwargida ta leƙo ta ga ina shimfiɗa tsohuwar tabarma a ƙarƙashin mota.

"Malam, lafiya? Wani abu ne ya faɗa?"

"Sabis zan yi."

"Kai?"

"Ba ni robar wanki."

Ta miƙo, ta ce in tuna sabuwa ce.

Ƙarƙashin mota wata duniya ce. A bidiyo noti ɗaya aka nuna, da haske a kansa. Nan kuwa duhu, ƙura, laka ta damina uku, da notuna ko ta ina. Na laluba na samu wani a gindin wani faranti, na gwada sifana, ta zauna daram. Na ce alhamdu lillahi, lamba 14 ba ta ƙarya. Na murɗa, mai ya tsinke.

Ja ne. Ja wur, kamar zoɓo.

Na fito da robar na kira uwargida da yaran maƙwabta da suka taru. Na ce su dubi man da mutumin nan ya ce ya mutu, ko baƙi bai fara ba. Na yi jawabi mai tsawo a kan rashin amana a ƙasar nan. Maƙwabcina, tsohon direban tanka da ya shekara da shekaru yana lodi a defon Maje, shi kaɗai ne a layinmu da zai iya tsayar da jawabin, kuma ranar ya tafi ɗaurin aure Minna.

Filta ta ƙi kwantuwa. Na ja da hannu, na naɗa tsumma, na sa bel ɗin wandona, ko gezau. Na yanke hukuncin cewa filtar da ke tace mai ya fito ja haka ba ta cancanci kora ba. Na buɗe bonet na juye lita huɗun nan cif, na rufe, na wanke hannu da omo, na ce bari in ɗan zaga da ita.

Tun daga ƙofar gida ta fara nauyi. In taka totur, inji ya yi kuka, motar ta yi tunani, sannan ta zabura. Na ce sabon mai ne, bai saba da ita ba. Da na hau babban titi sai na ga masu acaɓa suna wuce ni suna nuna bayana. Na duba madubi ban ga komai ba, don babu abin gani sai hayaƙi. Kusa da Madalla, daidai inda Dutsen Zuma ke kallon matafiya, inji ya ci gaba da ihu, tayoyi suka ce ba da su ba.

Mutanen hanyar nan sun san wutar mota, ba sa jiran a kira su. Kafin in buɗe ƙofa wani ya watsa yashi a bonet, wata mai talla ta fasa fiya wata biyu a kan gilashi, wani yana ihu, "Oga, fito! Fito!" Na fito ina cewa ba wuta ba ce, sabis ne.

Janwe ce ta kai mu gareji. Kuɗinta kaɗai ya ninka kuɗin aikin da na guje wa har sau huɗu.

Bakanikena ya zaro sandar duba mai, wato abin da Baturen ya yi bayan datata ta ƙare. Mai ya haura alama har ya kusa kaiwa hannunsa. Ya zaro ta giya, da kyar bakinta ya jiƙe. Ya kira yaransa gaba ɗaya su zo su ɗauki darasi. Ya ce an zubar da man giya, shi ne ja, an ƙara sabon mai a kan tsohon da ke inji, ƙarfen da ke juyawa a ciki ya kaɗa shi ya yi kumfa, ragowar ya bi ta salansa ya ƙone.

"Yallaɓai, wa ya yi maka wannan aiki?"

"Wani yaro ne a unguwarmu."

"Subhanallahi. Ko keke kada ka ƙara ba shi. Da ka kai Zuba a haka, da giya sabuwa za mu nema."

Na ce ai yaran yanzu sai addu'a. Ya tsine wa gaggawa, na ce amin. Ya ce garin neman gira an kusa rasa ido, na ce wallahi haka na gaya wa yaron.

Aka juye man inji duka, sabo da tsoho, aka sayo wani galan. Aka sayo man giya, wanda ya fi na inji tsada. Aka canza fulogin da mai ya jiƙa. Filtar da ta gagare ni, wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya kwance ta yana cin rake. Da zan tafi, bakaniken ya buɗe but, ya ɗauko sifanar, takardar farashi na manne a jikinta, ya dubi jan man da ya maƙale a faratana, ya miƙo mini da hannu biyu.

"A mayar wa yaron kayansa, Yallaɓai. A gaishe shi."

A gida robar wanki ce kawai aka tambaya, kuma na biya.

Yanzu da kaina nake sayen mai a gidan mai, in kai gareji, a fasa murfin a gabana, in zauna a benci har a gama. Kuɗin aiki ya koma dubu bakwai, ina biya ba ciniki. Mai bukatar sifana lamba 14 da mazurari, sau ɗaya aka yi aiki da su, ya neme ni a Suleja, zan yi ragi.