Alhaji Zai Hau Dutse

A da, idan mai hali ya ce zai kai iyali hutu, kowa ya san zancen: Umara a watan azumi, a ratsa ta Dubai a sayi gwal, a dawo da dabino da zamzam. Yanzu wani yayi ya shigo. Sai an goya jaka, an dogara sanda biyu, an kwana a kan dutse cikin sanyi, sannan ake cewa an huta. Mutumin da ko masallacin layinsu sai a mota yake zuwa, wanda aka haifa a Kano har ya yi furfura bai taɓa taka matakalar Dala ba, shi ne zai tara iyali a falo ya sanar cewa bana sai Maroko, kuma sai ya ga ƙarshen Tubkal.

Tubkal ɗin nan tsayinsa mita 4,167, duk Arewacin Afirka babu dutsen da ya kai shi. Amma Alhaji ya ga hoton abokin kasuwancinsa a can ƙololuwa a WhatsApp, kuma abokin nan ya fi shi tumbi. Shi ke nan, an yanke hukunci.

Jirgi ɗaya aka shiga, kowa da niyyarsa. Hajiya Babba ta yarda ne saboda an yi mata alkawarin ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas. Uwargida na ɗauke da takardar tsaraba mai shafi uku, har da sunan kishiyar ƙanwar maƙwabciya. Yara kuwa tambayarsu ɗaya: akwai intanet a otal ɗin?

A Marakesh aka fara yawon buɗe ido. Ɗan jagora ya tsaya gaban masallacin Kutubiyya yana ta zuba, cewa sarakunan Muwahhidun ne suka gina shi a ƙarni na 12, hasumiyarsa mita 77. Ba wanda ya ji ko kalma. "Abba, ɗan matsa, ka tare hasumiyar." Aka ɗauki hoto, aka wuce. A dandalin Jami'ul Fana, mai wasa da maciji ya nemi dirhami saboda an ɗauke shi a waya, Hajiya Babba ta ce a faɗa masa gardawan garinsu har kura suke ja, kuma abin da ka ga dama kake ba su.

Wajen abinci ne aka yi ta ta ƙare. An kawo tajin, naman rago da aka dafa da busassun 'ya'yan itace masu zaƙi. Uwargida ta ɗanɗana, ta dubi hagu da dama, ta zuge jakar hannu ta fito da kwalbar yaji. Ranar Juma'a aka kawo kuskus, Hajiya Babba ta ce dambu ne da aka hana zogale. Da aka nuna musu tukunyar romon dodon koɗi, salati aka saka gaba ɗaya. Abin da ya ceci mutuncin Maroko a idon Alhaji shi ne kan rago, sai kuma tanjiya, naman da ake rufewa a tulu a binne cikin tokar murhun gidan wanka na tsawon sa'o'i. Duk da haka, da dare aka buɗe akwatin da ya kusa jawo tara a filin jirgi: kilishi, dambun nama, garin kunu. An yi tafiyar dubban kilomita don a ci abincin gida a ɗakin otal, ƙofa a kulle.

A kasuwa Uwargida ta kwashi jakunkunan fata goma sha biyu. Ba wanda ya tuna mata cewa fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, da yawanta ta jar akuyar Sakkwato ce da fatake ke ƙetare Sahara da ita a kan raƙuma.

Sai ranar dutse. Daga ƙauyen Imlil ake tashi, kuma tun 2018 hukuma ba ta barin a hau sai da ɗan jagora. Alhaji ya fito cikin takalmin da kuɗinsa zai sayi ragon layya, da riga mai aljihu takwas, da agogon da ke ƙirga taku. Alfadarai suka ɗauki kaya. Awa ta farko yana gaba yana ba yara tarihin yadda yake zuwa makaranta a ƙasa ba takalmi. Awa ta biyu tarihi ya ƙare. Daga nan sai, "Malam, saura nawa?" Ɗan jagora kuwa amsarsa ba ta canzawa: "An kusa, ya Hajj."

A tsakiyar hanya akwai wani farin dutse, Sidi Shamharush, wanda mutanen wurin ke dangantawa da sarkin aljanu. Uwargida na jin sunan ta ce, "Alhaji, ka kawo mu garin mutanen ɓoye da ƙafarmu?" Ta tofe yaran da addu'a, ta juya Imlil wurin Hajiya Babba, wadda tun farko ta ce ita gwiwarta ta Fas ce. A nan ne kuma Alhaji ya hau alfadari, bisa sharaɗin kada kowa ya taɓa waya. Autan gidan ya riga ya ɗauka.

Masaukin masu hawa yana wajen mita 3,200. Mai gidan da a garinsu ko matansa sai sun yi sallama kafin su shiga turakarsa, ya kwana a gado mai hawa biyu, Bajamushe na minshari a samansa. Ruwan alwala ya taɓa da yatsa ɗaya ya fara tambayar sharuɗɗan taimama. Iskar wurin ba ta ƙosar da huhu, sai ga ciwon kai da tashin zuciya. Kafin asuba aka tashi mutane, kowa da fitila a goshi, aka kuma yi masa albishir cewa daga nan alfadari ba ya gaba. Alhaji ya ce shi dama bai zo don a gani ba, zai tsaya ya kula da kaya.

Babbar 'yarsa, wadda ya ce ta zauna a otal don mace ba za ta iya ba, ita ce ta bi ɗan jagora ta kan tsakuwar da ke zamewa, ta taɓa ƙarfen nan mai siffar dala da aka kafa a ƙololuwa. Hotonta ya karɓa, ya yanke gefen da take, ya watsa wa duniya: "Alhamdulillahi, mun kai."

Mako guda bayan dawowa yana salla a kan kujera, gidan na ƙamshin man zafi. Masu zuwa sannu da zuwa na jin labarin, kullum dutsen na ƙara tsawo, alfadarin kuwa ya ɓace daga ciki, bayan an saya wa auta sabuwar waya. Maƙwabcinsa ya saurara har ƙarshe, ya karɓar wa matarsa jakar fata, ya koma gida ya sa ɗansa ya duba masa tsayin Kilimanjaro. Mita 5,895. Ya riga ya aika a tambayo masa ko can ma akwai alfadarai.