Yadda Ake Watandar Jirgin Sama a Kafanchan

Da farko ka san abin da za ku saya. Sunansa jairokwafta, kuma ba jirgi mai saukar ungulu ba ne, ko da yake shi ma da fanka a kansa. A sama ba inji ke juya wannan fanka ba, iska ce. Injin yana baya, yana juya farfelar da ke tura jirgin gaba, iskar da ke bugowa ta ƙasa kuma ta riƙa kaɗa fankar. Wani injiniya ɗan Sifaniya, Juan de la Cierva, shi ya ƙera na farko da ya tashi lafiya, a watan Janairun 1923 kusa da Madrid. Ba ya tsayawa cak a sama, kuma sai ya ɗan taɓa gudu a ƙasa kafin ya ɗaga. In ka taɓa korar zabuwa, ka riga ka ga tsarin.

Kuɗinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ko da citta ta yi tsada a Kachia, don haka sai a haɗa hannu. Ku zama bakwai, kamar yadda ake haɗuwa a kan sa guda. A nan ne masu koyo ke tuntuɓe, saboda haka ka natsu. A watandar Sallah ko ta Kirsimeti ana yanka sa, a kasa nama bakwai, kowa ya ɗauki kasonsa. Jirgi ba a kasa shi. In ka tafi gida da fanka, abokinka ya tafi da farfela, na uku ya rungumi kujera, kowa ya karɓi haƙƙinsa cif, amma ba mai tashi. Lokaci ake kasawa.

Mako kwana bakwai ne, ku ma bakwai ne. A ba mai zuwa coci Juma'a, a ba mai zuwa masallaci Lahadi, sauran biyar a jefa ƙuri'a. Wanda ranarsa ta faɗo cikin ruwan Agusta ko ƙurar hunturu ba ya bin kowa bashi, domin ba ƙungiya ta kawo hadarin ba. Yana da damar zama a kujera daga safe har magariba, a ƙasa, ba mai tashinsa. Ranar 1 ga Janairu kuwa, ranar bikin Afan a Kagoro, kowa zai ce tasa ce. Ku rubuta hukuncinta tun kafin a biya kuɗin jirgi, a gaban shaidu.

A jikin jirgin akwai agogo mai ƙirga awowin da inji ya yi yana aiki. Ma'aji ya duba shi kafin tashi da bayan sauka, ya rubuta da biro. Injin Rotax, ƙirar Ostiriya, wanda galibin waɗannan jirage ke ɗauke da shi, ana duba shi duk bayan awa 100, don haka kowace awa da tata gudummawar a asusun gyara. Wanda ya kunna inji a tsakar gida don surukai su ji ƙararsa, shi ma zai biya. Agogon bai san niyya ba.

Sai haya. Iri biyu ce: da mai, ko ba mai. A ta biyun ɗan haya ke zuwa da jarkarsa. Kujeru biyu ne, ta matuƙi da ta fasinja, kuma biyu a nan na nufin biyu. Ba a cewa a matsa. Ba kwandasta, ba yaron mota a maƙale. Irin su MTOsport na kamfanin AutoGyro a Jamus, nauyin da aka yarda su tashi da shi tsakanin kilo 450 ne zuwa 560, kuma jirgin da kansa ya cinye kusan rabi. Ka cire nauyin matuƙi, ka cire na mai. Abin da ya rage ko fasinja ne ko buhun citta, ɗan haya ya zaɓi wanda ya fi gaggawa. Ka kuma gaya masa tun a ƙasa cewa in ya ce akwai sauka a saitin garin Gidan Waya, an ji, amma sai an nemi fili.

Cikinku dole a sami mai lasisin tuƙi, jirgin kuma ya sami rajistar hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA. Mai son sanin yadda ake horar da matuƙi ya leƙa kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. In mutum ɗaya ne kaɗai ke da lasisi, to sauran shidan kujerar baya suka saya, a rubuta haka a yarjejeniya.

Ɓata hanya ba abin damuwa ba ne. Tun 1927 Kafanchan mahaɗar layin dogo ce: hannu ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya Jos, ɗaya Fatakwal. Ka leƙa ƙasa, ka bi wanda ka fito dominsa. In mai ya ƙare a sama, kada fasinja ya fita turi. Fankar za ta ci gaba da juyawa, jirgin ya gangaro a hankali, kai dai ka zaɓi filin da ba gonar kowa ba, don diyyar kunya uku ta citta a kan mai ranar take.

Bayan an sauka, fanka takan ɗan jima kafin ta tsaya. Masu tarba su dakata nesa, kowa ya dafe hularsa, mai babbar riga ya naɗe ta. Idan ta tsaya cak, sai a ɗaure ta da igiya, a miƙa makulli ga mai gobe.