Rabe-raben Masu Karanta Littattafan Rakiyar Fim Tsakanin Chikaji da Samaru

Littafin rakiya shi ne ƙagaggen labarin da aka rubuta a jikin wani fim ko wani shirin talabijin mai dogon zango, da izinin kamfanin da ya mallake shi, kuma iri biyu ne: akwai wanda ke maimaita abin da aka riga aka gani a allo, akwai kuma wanda ke ɗaukar jaruman ya kai su inda kyamara ba ta taɓa zuwa ba. Babu fagen da wannan sana'a ta yi ƙarfi kamar na ƙagaggen labarin kimiyya, wato labarin da ake ginawa a kan kumbo da duniyoyin sama da na'urorin da ba a ƙera ba tukuna, domin tun a 1967 James Blish ya fara mayar da Star Trek littafi, 'yan watanni da fara nuna shirin a Amurka, kuma a yau littattafan Star Trek da Star Wars da Doctor Who sun kai ɗaruruwa. Kaɗan daga cikinsu ne ke isowa Zariya, wasu a tsakiyar tulin littattafan gwanjo da ake bazawa a ƙasa, wasu kuma a cikin waya. Sai dai ƙarancin kaya bai taɓa rage yawan gardama ba a garin da aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945 da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966, inda kusan kowa yake da ra'ayi a kan littafi ko da bai buɗe shi ba. Duk wanda ya lura da masu zirga-zirga tsakanin Chikaji da Sabon Gari da Samaru zai ga cewa rabuwar kansu tushenta ɗaya ne, wato tambayar wanne ne asali tsakanin fim da littafi, kuma kusan kowannensu abin da ya fara cin karo da shi yake karewa.

Wanda ya fi kowa wahalar da jama'a shi ne mai tsaron salsala. Salsala a nan tana nufin jerin labaran da kamfani ya amince cewa su ne suka faru da gaske a cikin duniyar da ba ta taɓa wanzuwa ba, kuma wannan bawan Allah, wanda galibi ɗalibi ne a Samaru, ya ɗauki tsaronta aikin da aka ɗora masa tun daga haihuwa. Babban bala'in rayuwarsa ya auku ne a watan Afrilun 2014, lokacin da kamfanin Lucasfilm, wanda Disney ya saya a 2012 a kan dala biliyan 4 da ɗoriya, ya sanar cewa tsofaffin littattafan Star Wars sun fita daga salsala sun koma tatsuniya. Daga nan masu tsaron suka dare gida biyu, wasu suka yi mubaya'a ga sabon hukunci, wasu kuma suka tsaya a kan cewa Heir to the Empire na Timothy Zahn, wanda ya fito a 1991, shi ne ci gaban labarin na halas, finafinan da suka biyo baya kuwa juyin mulki ne. Idan aka yi rashin sa'ar zama kusa da ɗayansu a motar haya, zai fara gabatarwa a Kwangila, a wuce Palladan bai shiga babi na farko ba, a isa ƙofar jami'a yana cewa: “Ɗan'uwa, dakata, ai ba mu zo wurin ba tukuna.” Yana iya lissafa sarakunan duniyoyin sama da shekarun mulkinsu ba tare da numfasawa ba, amma sai ya duba takarda kafin ya faɗi ranar jarrabawarsa.

Kusa da shi akwai dattijon da hukuncinsa ɗaya ne a kan komai, wato littafin ya fi fim ɗin. Ya kamata a yi masa adalci, domin a ƙasar Hausa hukuncin nasa yana da madogara, tunda a nan littafi ne ke riga fim zuwa duniya: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, sai a 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim, haka kuma In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa sun gama zagaye gidaje a takarda kafin su shiga kaset. Kuskuren dattijon shi ne ɗaukar wannan doka ya ɗora ta a kan littafin da aka tatso daga fim, har ya riƙa zargin darakta da yanke wuraren da ba su taɓa kasancewa a hannun darakta ba, tamkar baƙon da ya je biki ya yi ta yaba 'yar rakiya yana zaton ita ce amarya. In an yi masa bayani, yakan jawo hujja guda wadda ya adana domin irin wannan rana: littafin Star Wars na farko ya fito a ƙarshen 1976, fim ɗin kuma sai a watan Mayun 1977. Gaskiya ne, amma Alan Dean Foster ne ya rubuta shi daga rubutun fim ɗin, aka sa sunan George Lucas, mai fim ɗin, a bango. Wannan ƙarin bayani bai taɓa sa dattijon ya motsa daga kan tabarmarsa ba.

Mai cike giɓi shi ne ya fi kowa hujja, kuma shi ne ya fi kowa shiru. Yana karanta littafin rakiya ne domin an ɗauke wuta ana tsakiyar kallo, ko faifan da ya saya ya maƙale a daidai wurin da mugu zai bayyana sirrinsa, ko kuma data ta ƙare saura kashi biyu a kammala zango, saboda haka bukatarsa kawai ya san yadda aka ƙare. Wataƙila bai sani ba, amma yana da 'yan'uwa masu yawa a Ingila, inda kamfanin Target ya fara buga labaran Doctor Who a 1973, a zamanin da ba kowa ke da na'urar naɗar hoto a gida ba, kuma Terrance Dicks shi kaɗai ya rubuta fiye da 60 daga cikinsu. Gidan BBC ya goge kaset-kaset da yawa na shirin domin ya sake amfani da su, don haka shekara da shekaru littafi ne babbar hanyar sanin abin da ya faru a wasu labaran. Abin da zai ba mai karatun Zariya sha'awa shi ne inda wani ɓangare na abin da ya ɓata ya ɓulla: a watan Oktoban 2013 aka sanar cewa wani mai suna Philip Morris ya gano kashi 9 da ake nema a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a Jos, daga labaran The Enemy of the World da The Web of Fear na 1967 da 1968, abin da ya rage adadin ɓatattun a lokacin daga 106 zuwa 97. Wato duk shekarun da Turawa suka yi suna cike giɓi da littafi, fim ɗin yana kwance cikin ƙura a Filato, tafiyar 'yan sa'o'i daga Zariya. Duk da haka kashi na uku na The Web of Fear ba ya cikin abin da aka mayar, saboda haka littafin da Dicks ya fitar a 1976 bai rasa aiki ba.

Injiniyan Palladan kuwa, wanda ko dai yana da alaƙa da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ko kuma yana so a yi zaton haka, da biro a hannu yake karatu. Ya daɗe da sanar da majalisa cewa ƙara ba ta tafiya a sararin da babu iska, don haka duk fashewar da ake ji a yaƙin kumbo ƙarya ce, kuma har yau bai yafe wa Han Solo na Star Wars alfaharin da ya yi na cewa ya ratsa hanyar Kessel cikin ƙasa da fasek 12 ba, alhali fasek ma'aunin nisa ne, kimanin tafiyar da haske ke yi a shekara uku da kwata. Marubutan rakiya ne suka yi wa wannan ɓaraka faci, suka ce jarumin ya yanke hanya ne ta gefen baƙaƙen ramukan sama, wato wuraren da ƙarfin jansu ke haɗiye ko da haske, fim ɗin Solo na 2018 kuma ya karɓi facin. Injiniya ya ji daɗin gyaran na kwana biyu, sannan ya koma neman tankin man jirgin.

Akwai kuma wadda ta taso a kan littattafan soyayya na haya, masu fitowa kashi na ɗaya da na biyu da na uku, wadda yayanta ya bar wa littafin kumbo a ɗaki. Tana tsallake duk babin da aka yi harbi, domin tambayarta ita ce wa ya auri wa, kuma ba ta ɓata lokacinta ba, tunda a tsofaffin littattafan Star Wars, Luke Skywalker ya auri Mara Jade, Dave Wolverton kuma ya rubuta littafi sukutum a 1994 a kan neman auren Gimbiya Leia. Ƙorafinta ɗaya ne, an ɗaura auren gimbiya guda ba a ji labarin lefe ba. Da aka gaya mata cewa hukuncin 2014 ya shafe Mara Jade, cewa ta yi: “Yaya, ai ko a duniyar sama ba a raba aure da sanarwar kamfani.” Mai tarawa bai cancanci dogon bayani ba: lambar da ke gadon bayan littafi yake saye, yana da na 1 zuwa na 6 da na 8, rashin na 7 ya hana shi barci, gara kuma ita kaɗai ta san abin da ke cikin sauran.

Mai ɓoyewa ya fi su matsayi, domin sau da yawa yana da digiri na biyu ko yana kan hanyarsa. A aji da wurin taro yana yi wa littafin rakiya kallon da wasu masana suka yi wa adabin kasuwar Kano, sunan da Ibrahim Malumfashi ya yayata ga littattafan da matasa suka riƙa bugawa da kansu, wanda ya jawo doguwar muhawara a jaridu tsakaninsa da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu. Da dare kuwa yana zaro nasa daga ƙarƙashin matashi, an lulluɓe bangon da tsohuwar jarida, in kuma aka kama shi sai ya ce bincike yake yi. Binciken ya shekara goma bai haifi maƙala ba.

Ɗan kishin gida yana sauraron su duka da murmushin wanda ya riga kowa sani, domin a ganinsa babu abin da Amurka ta ƙirƙira wanda Zariya ba ta riga ta buga ba. Hujjarsa mai ƙarfi ce, wato Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda NNPC ya buga a 1969, shekarar da ɗan'adam ya fara taka wata, inda yaro mai suna Kilba ya yi balaguro zuwa sararin samaniya. Da ya tsaya nan da ya yi nasara, amma sai ya zarce ya shigar da Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam cikin labaran kimiyya, bisa dalilin cewa aljani ma ba a ƙasa kaɗai yake yawo ba. In aka nemi ya ba da labarin Kilba daki-daki, sai ya bayyana cewa rabonsa da littafin tun yana sakandare, kuma kwafin da ya karanta ɗin ma na aro ne.

A teburin mai shayi na Chikaji ake samun na ƙarshe, wanda bai taɓa buɗe ko ɗaya ba, amma ya saurari labaran da ake karantawa a waya, ya kalli fassarar finafinan Indiya, ya kuma tsinci gardamar sauran, sai ya haɗa su ya fitar da nasa, inda Spock na Star Trek da Darth Vader na Star Wars suke 'yan uba ɗaya masu rikicin gado. Mai tsaron salsala yakan tashi ya bar shayinsa idan ya fara, amma jama'a wurinsa suke matsawa, domin shi kaɗai ne ke kai labari ƙarshe kafin shayi ya huce.

Duk wanda ke da irin waɗannan littattafai, aka zo masa aro, ya ba mai cike giɓi, domin yana mayarwa da zarar an kawo wuta. Injiniya zai dawo da shi da jan layi, mai ɓoyewa zai musanta cewa ya taɓa karɓa, mai tarawa kuwa kada a bari ya ga littafin da ke ɗauke da lamba 7.