Gidan Haya Mai Injin Wanki

Ina da wata cuta da ban taɓa kai wa likita ba. Duk abin da zan iya ambata a majalisa abokai su ce "iye!", to kuɗina sun riga sun tafi. Ita ce ta zaɓa mini gidan da nake haya yanzu a Damagaram.

Tun da matatar mai ta fara aiki a 2011, jami'a kuma ta cika gari da malamai da ɗalibai, samun gidan haya mai kyau sai da dillali. Nawa ya zaga da ni Sabon Gari da Garin Malam, ina ta tsirfa: wannan zaurensa ƙunci, wancan ya yi kusa da injin niƙa. Da ya gane inda na dosa, sai ya kai ni wani gida, ya buɗe ɗan ɗaki kusa da madafa. Ga injin wanki nan fari tas mai ƙofar gilashi, wanda wani ma'aikacin ƙungiyar agaji ya bar wa mai gidan. Ya rage murya ya ce, "Mushe, irinku kaɗai suka san darajar wannan." Nan take na biya kuɗin wata uku. Ko famfo ban murɗa ba.

Alhali a Birni aka haife ni. Na san garinmu bisa dutse yake zaune, kowa na ganin ƙattin duwatsun a tsakiyar unguwa. Tun a aji aka karantar da mu cewa ƙarancin ruwa na cikin abin da ya sa Faransawa suka mayar da babban birni Yamai a 1926. Na san ruwan da muke sha daga Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram ake janyo shi, kuma da bazara yakan leƙo wasu unguwanni ne lokacin da mutanen kirki ke barci. Duk wannan ilimi ya narke a gaban ƙofar gilashi.

Na sallami tsohon da ya daɗe yana yi wa gidanmu wanki da guga, har da yi masa bayanin zamani. Ya ce, "Allah ya sanya albarka, ɗana." Sannan na gayyato abokai shan shayi, na ja su ɗakin kamar ba da gangan ba, na danna maɓalli. Injin ya yi gurnani, famfo ya yi tsaki, muka tsaya muna kallon riguna busassu ta gilashi. Wani ya ce ko tayammum yake yi musu.

Sai na koma gadin famfo. Wani daren Alhamis ruwa ya zo kafin asuba, na tashi da sanɗa na loda kaya. Kumfa na tashi, aka ɗauke wuta. Ashe in wuta ta tafi ana tsakar wanki, ƙofar ba ta buɗuwa. Babbar rigata ta wuni a kurkuku ina hangen ta, na je masallacin Juma'a na ƙofar fada da rigar ƙanena mai tsayawa a gwiwa.

Ban daddara ba. Na kira ɗan garuwa, tunda wanki ɗaya na shan wajen bido biyu masu lita 25, na durƙusa ina ɗura wa injin ruwa da mazurari ta wurin zuba sabulu. Yaron ya daɗe yana kallona, ya ce, "Alhaji, kai kake yi masa aiki ke nan?" Uwargida ta yi lissafi a bayan takardar kuɗin wuta, ta ajiye mini kan darduma, ba ta ce uffan ba.

Shadda ce ta karya ni. Ta fito daga injin ba sheƙi ba ƙarfi, don inji bai san bugu ba. Bayan isha'i na ƙunshe kaya, na bi ta lungu zuwa gidan tsohon. Ya karɓa, ya ƙirga, ya ce, "Ya mutanen gida? Ya injin, yana lafiya?" Na ce da sauƙi, Baba.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne ba ni kaɗai ba ne a layin. Maƙwabcina na dama yana da na'urar sanyaya ɗaki, amma a tsakar gida yake kwana da mafici. Na hagu ya ƙara kuɗin haya saboda shawa, da bokiti yake wanka. Dukkanmu kayan da ido ke gani muka tambayi dillali, muka bar ruwa da wuta sai bayan tarewa.

Jiya dillalin ya kira ni, wai ya samu wani gida mai injin wanke kwanoni. Na ce masa na tuba, ba na so. Amma dai na tambaye shi a wace unguwa yake.