Ni da Maigidan Sheƙa a Sipi

Duk Bahaushen da karatu ya kai shi Mbale ta ƙasar Yuganda, da wuya ya dawo gida ba a ja shi zuwa Sipi ba. Tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota, a haura gindin Dutsen Elgon, a ratsa gonakin kofi da ayaba na gundumar Kapchorwa. Ruwan Sipi yana zubowa ne daga kan dutse a wuri uku. Babban cikinsu ya kai kimanin mita 100, kuma a gefensa ake zura mutane da igiya, bayan sun biya kuɗi da hannunsu da hankalinsu.

Wani abokina Bakatsine ne ya tunzura ni. "Mutumina, ba kai ke cewa a guje kake hawa Dala ba?" Na ce ai sauka ma ta fi hawa sauƙi.

Jagoranmu ya ɗaure ni tamau ta ƙugu da cinyoyi, ya kifa min hular kwano, sannan ya kafa min doka biyu. Akwai sheƙa a wani tsagi na dutsen ta hannun hagu: kada ƙafata ta taɓa wurin, kada kuma in yi ihu. In uwar ta firgita ta tashi, ƙwai ya huce, hankaka kuma yana nan yana jira. Na dafa ƙirji na ce tsuntsayen suna cikin amanata.

Da farko lafiya lau, ina takawa da baya ina bismillah. Can sai dutsen ya shige ciki ya bar ni. Ƙafa ta laluba, babu komai. Na koma lilo a sarari kamar guga a rijiya, ina juyawa: in ga ruwa, in ga dutse, in ga Bakatsine can sama yana ɗaga min waya. Iska kuwa ba inda ta ga dama ta kai ni sai hagu.

Nan maigidan sheƙar ya fito. Baƙi ne wul, da ja a fiffike, bai wuce kurciya girma ba. Bai yi sallama ba. Ƙwas! a hular kwano. Ya zaga, ya dawo, ƙwas! Matar ma ta baro ƙwan da aka ce in kiyaye, ta zo taya miji. Hannuwana biyu suna maƙale da igiya, bakina kuma doka ta ɗaure shi. Ban taɓa sanin ana iya kiran "Inna" a cikin ciki ba sai ranar. Feshin ruwa ya jiƙa ni sharkaf, wanda ya zama rufin asiri, don ba mai iya rantsuwa a kan abin da ya jiƙa wandon.

Da na dira ƙasa, sai na ji ashe igiyar ba ta mayar da mutum sama. Da ƙafa ake komawa, ta wata siririyar hanya mai santsi. Yaron da ke gabana, ɗan garin su Joshua Cheptegei mai zinaren Olamfik, yana tafe yana fito, ni ina bin sa da rarrafe.

A sama jagoran ya ce ƙwan yana nan lafiya, ya yaba min da ban yi ihu ba. Bakatsine kuwa ya riga ya tura bidiyon gida.

Wanda zai je, ya tambayi lokacin ƙyanƙyasa kafin ya biya, kuma kada ya yarda da hular da igiyar haɓarta ta saki.