Fuska Ta Tafi, Wuya Yana Gida

Ki zauna yini guda a shagon kayan kwalliyar ƙanwata a Kano lokacin bukukuwa, za ki ga mata kala-kala, har sun fi kwalaben da ke kanta yawa.

Hajiya Ƙaro-Haske ce ke fara sallama. Baƙa ce mai kyau, irin baƙin nan mai sheƙi, amma da an miƙo mata fandeshan kalarta sai ta yatsine: "Haba ƙanwata, ni ce wannan?" Ta tsallake lamba uku ta ɗauka. Daren dina fuska ta sauka Misira, wuya yana nan Kurna. Mai hoto na haska fitila ta fito kamar wadda ta leƙa buhun fulawa, gobe kuma shi za a zaga.

Sai mai sauri, wadda ke gwadawa a bayan hannun da ya sha rana da wanke-wanke. A gefen muƙamuƙi ake ɗiga fandeshan, a fita hasken rana, a ɗan jira, don wata takan ƙara duhu in ta haɗu da maiƙon fuska. Ina! Ɗan adaidaita na mata hon.

Wadda nake tausayi ita ce wadda ta dace da duhun, ta kuskure sirkin. Mata biyu za su zama wankan tarwaɗa iri ɗaya, amma a ƙarƙashin fatar ɗaya akwai ja-ja, ta ɗayar kuma ruwan ɗorawa. Shi ya sa kamfanin MAC ke rubuta NW a wata kwalba, NC a wata. In mai ja-ja ta shafa ta ɗorawa, sai uwar miji ta fara cigiyar maganin shawara. In aka juya, kamar an goga mata jar ƙasa.

Mai bilicin kuwa kalarta farashin dala ce: kwalbar ƙaramar sallah ba ta kai ta babba.

Ƙawayen amarya fa? Tun 2017 Rihanna ta fito da fandeshan ɗin Fenty kala 40, amma su bakwai kwalba ɗaya suke zagayawa da "ɗan sam min," daga fara sol har baƙa wuluk.

Don Allah 'yar uwa, kafin ki yafa mayafi, juya gefe a madubi ki tambayi wuyanki ko ya gane ki.